Daidai Kan Ɗan Tsako

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ni aikin haɗa 'yar na'ura mai jin iskar amoniya, warin nan mai yaji da ke tashi daga kashin kaji. Abin da ke jin warin wani gari ne da muke gasawa a ɗakin gwaji. Kowace ƙwayarsa, wadda ido ba ya gani, fanko ce kamar ɓawon ƙwai, an yayyafa mata azurfa kaɗan. Da iskar ta shiga cikinta sai lambar da ke fuskar na'urar ta hau.

Da hutun damina na tafi da ita Roni, wurin Goggo, ƙanwar babana da ta riƙe ni tun ina firamare. Na tarar idanun 'yan tsakinta suna ruwa, biyu ma ba sa ganin kwanon abinci. Ta ce ɓuntun shinkafar da aka shimfiɗa musu ne ya jiƙe, a kwashe shi. Na roƙe ta, murya ƙasa-ƙasa, ta bari in auna tukuna.

Na rataye na'urar a ƙusa gefen tagar ɗakin kajin, daidai fuskata. Kwana uku ina rubuta lamba a wani littafi safe da yamma, ina jan layi da rula.

"Malama, me abin naki ya ce?"

"Ya ce iskar lafiya lau, Goggo."

"A ina ya tsaya da ya faɗi haka?"

Na nuna mata ƙusar.

"Ke kin taɓa ganin ɗan tsako yana shan iska a taga?"

Ta tattare zani, ta durƙusa har hancinta ya kusa taɓa ɓuntun. Da ta ɗago, hawaye ne a idonta. Na sauko da na'urar na ajiye a ƙasa, lambar ta yi ta hawa, kunya ta rufe ni.

Kafin la'asar mun kwashe ɓuntun, mun zuba busasshe. Duk sun warke sai guda, wadda kwana ukun nan suka ci idonta. Goggo ta mayar da ita gindin murhu tana ba ta tsaki a tafin hannu, ba ta taɓa yi mini gori ba.

Yanzu gwiwoyinta ba sa barin ta durƙusa, ɗakin kajin ma ya koma ma'ajiyar gero. Littafin yana nan wurina. A ƙasan layukan nan masu tsabta akwai rubutuna na ranar, a karkace, da shatin ɓuntu: a auna daidai kan ɗan tsako.