Aslaug Tveiten da Wasiƙun da Suka Yi Shekara Ɗari a Hanya

Ƙarfe takwas na safe, ko ana ruwa ko ana iska, Aslaug Tveiten kan jingina kekenta da bangon tsohon ɗakin ajiyar kifi da ke bakin tashar tsibirinmu, ta hau matakala goma sha huɗu, tana hutawa a ta bakwai. A saman nan ɗakin aikinta yake. Sai ta ɗora butar gahawa, ta wanke hannu har gwiwa kamar mai shirin karɓar haihuwa, ta goge, sannan ta zauna. Kofin gahawa ba ya hawa teburinta, ko da na limamin coci ne.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki, ba wanda ya sa ta. Da can a gidan waya take, tana rarraba wasiƙu. Yanzu abin da take tarawa shi ne tsofaffin wasiƙun da kakanninmu suka aiko daga Amurka, zamanin da takarda sai ta yi mako biyu ko uku a cikin jirgin ruwa kafin ta ga gaɓar Norwe. Ta tara sun haura dubu biyu.

Masu tara kan sarki sukan jiƙa ambulan su ɓare abin da suke so, su yar da sauran. Ita kuwa ambulan take fara karantawa: tambarin garin da aka jefa wasiƙa, na tashar da jirgi ya taso, na Bergen inda aka sauke ta, wani lokaci har da sunan jirgin a kusurwa. Wadda ta sha danshi takan sa ta tsakanin farar takarda, ta danne da faffaɗan dutsen bakin teku har ta miƙe. Kuma tana da doka guda: wasiƙar da ta same ta a liƙe ba ta buɗe ta sai wani daga zuriyar mai ita yana zaune a gabanta.

In aka yi rasuwa, takan bari mako biyu ya wuce, ta je da kek ɗin da ta gasa, ta yi gaisuwa, ta zauna shiru. Sai za ta tashi take cewa, "Kafin ku zubar da komai, ku kira ni."

Aslaug, ke ce mai haƙurin zama a ɗakin baƙin ciki. Ke ce kika shaƙi ƙurar rufin gidajen da masu su kansu ke ƙyamar hawa.

A wannan watan za ta miƙa mabuɗi, don idonta ya fara gajiya. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da mutanen tsibirin nan suka gani da idonsu bara.

Oddvar Haugen tsohon masunci ne, shekararsa tamanin da ɗaya, kuma tare suka yi makarantar firamare da Aslaug, yana gabanta da aji uku. Kowa ya san tabon gidansu. Kakansa Halvard ya hau jirgin Amurka a 1907, ya bar matarsa Brita da ciki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ɗan da aka haifa, wato mahaifin Oddvar, ya girma ana kiransa ɗan wanda ya gudu, har ya mutu bai yarda a ambaci sunan uban nasa a gidansa ba. Oddvar ya gaji wannan nauyi daga gare shi. Bayan zuciyarsa ta fara ciwo, sai ya riƙa hawa matakalar Aslaug duk ranar Talata, yana haki.

"Ke tsohuwa, ba wani labari?"

"Zauna ka huta tukuna, kada ka mace mini a kan takardu. Ka san ba na son danshi."

"Mutumin nan gudu ya yi, ni na sani. Ina so dai in ji daga bakinki in huta."

Ba ta taɓa faɗa masa haka ba, domin tana da dalili. Shekaru goma sha ɗaya da suka wuce ta karanta tsohuwar wasiƙar wani ɗan tsibirinmu da ke Dakota ta Amurka, inda ya ce wa uwarsa, "Halvard na nan yana kuka, sau biyar ya rubuta wa Brita ba amsa." Aslaug ta yi ta juya maganar har ta gano bakin zaren. A zamanin kakanninmu sunan gonar da kake zaune shi ne sunanka, in ka tashi ka bar shi nan. Lokacin da Halvard ya tafi, matarsa Brita Solvik ce, don a gonar Solvik suke haya. Da noma ya gagare ta ita kaɗai, ta bar tsibirin ta kama aikatau can nesa a gonar Haugen, ta zama Brita Haugen. Shi kuwa Solvik ya sani, can zai aika. In wasiƙun na nan, suna cikin gidan Solvik.

Sau uku ta je. Mai gidan, wani tsohon tuzuru da ba ya son baƙi, ya tare ƙofa ya ce ba takarda a gidansa sai ta kunna murhu.

Tsohon ya rasu bara da farkon bazara. Aslaug na jiran a san magaji, ashe wata jikar ƙanwarsa ta zo daga Oslo, kwana biyu kafin bikin babbar wutar tsakiyar bazara, ta ɗauki hayar mota ta kwashe gidan tas. Ta yi abin da kowa ke yi a watan Yuni: duk tarkacen katako da takarda ta kai su bakin teku aka zuba cikin tulin wuta.

Ranar bikin, ƙarfe uku na rana, labari ya iske Aslaug. Ƙarfe bakwai za a kunna.

Ingvald kafinta shi ne mai gina tulin, shekara ashirin ke nan. A wannan karon ya kai shi tsayin bene mai hawa biyu, da tsohon kwalekwale a ƙoli, don mutanen tsibirin tsallake sun fi mu wuta shekara uku a jere, kuma ya rantse ba za a yi ta huɗu ba. Yana tsaye da galan ɗin kalanzir sai ga ta a keke, da manjagara ɗaure a baya.

"Ingvald, kayan Solvik suna ina?"

"A tsakiya. Can ƙasa."

"To, sauke."

"In sauke? Aslaug, kwana biyu cur na yi ina gini! So kike mutanen tsallake su mutu da dariya?"

"Su mutu mana, sai in je in karɓi wasiƙunsu."

"Kin ma tabbata akwai wani abu a ciki?"

"Ban tabbata ba."

"To kin gani!"

Ta zaro wata kujera mai ƙafa uku daga gefen tulin, ta jingina ta da shi, ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

"Zuba kalanzirinka. Ni ma tsohuwar kaya ce, zan ci da kyau."

Mutane suka taru. Ingvald ya zagaya tulin sau biyu yana gunaguni, ya cire hula ya mayar. Sai matarsa ta ce daga cikin taro, "Kai, wa ya samo maka wasiƙar kakarka da ka rataye a falo kana nuna wa baƙi?" Ya ajiye galan. Ya ce a kawo tsani.

Mutum goma sha biyu suka yi awa biyu da rabi suna saukewa. Kwalekwale ya sauko, ƙofofi, gadaje, ragar kifi da ta ruɓe. Akwati na farko tsofaffin jaridu ne. Na biyu takalma. Aslaug ta ce a ci gaba da saukewa. Ƙarfe shida saura kaɗan aka jawo wata adaka shuɗiya da murfinta ya tsage. Ƙarƙashin wani bargo da asu ya cinye akwai ɗauri guda, an ɗaure da zaren ulu, da 'yar takarda a sama da rubutun fensir: "Na Brita, in ta dawo." Wanda ya karɓi gonar bayanta ne ya ajiye, ya mutu kafin ta dawo tsibirin, adaka ta koma rufin gida.

Ambulan shida ne, duk a liƙe. Na shidan da baƙin layi a gefensa, kuma rubutun wani ne daban.

Jama'a suka ce a buɗe. Ta ce a'a, ba nata ba ne. Ta sa su cikin jaka, ta ce wa Ingvald ya ci gaba da wutarsa. Wutarmu ta wannan shekarar ko tsayin mutum biyu ba ta kai ba, har yau mutanen tsallake na tambaya ko shayi muka dafa.

Washegari da hantsi Oddvar ya hau matakala, bai tsaya hutawa ba. Ta miƙa masa siririyar wuƙa.

"Kai za ka yanka. Sannu-sannu, ba kan kifi ba ne."

Ita ta karanta, shi yana kallon taga. Halvard ya sami aikin gona. Halvard ya fara gina ɗaki. A cikin ta uku takardar jirgi ta faɗo a kan tebur, an biya tun daga Bergen har New York, ta mace ɗaya da jariri. Ta biyar gajera ce: "Brita, in fushi kike, ki yi fushin, amma ki gaya mini ko namiji ne ko mace." Mai baƙin layin kuwa daga limamin wata coci ce a Dakota: zazzaɓi ya ɗauke Halvard cikin hunturun 1909.

Oddvar ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauko kamar wanda aka sauke wa buhu.

"Ashe ya tambaya," ya ce. "Ashe an tambayi babana."

"An tambaye shi."

"Sake karanta wurin nan."

Ta sake. Sau huɗu ta karanta masa, ba ta gaji ba.

Aslaug Tveiten, mun gode. Ba ki rubuta ko ɗaya daga cikin wasiƙun nan ba, amma ke kika isar da su, bayan jirgi da gidan waya sun yi iyakar nasu. Mu kuma da muka rage, duk mai adaka a rufin gida ya buɗe ta ya duba kafin Yuni, in ya ga takarda kada ya ɓare mata kan sarki, ya nemi masu ita.

Kafin sanyi ya shigo, Oddvar ya sa aka ƙara suna a dutsen kabarin Brita. Mai sassaƙa ya tambaye shi me za a rubuta a ƙarƙashin sunan Halvard. Ya ce kalma biyu sun isa: "Ya rubuto."