Wasan da Muka Saurara da Ido

Duk shekarun da na yi ina aikin masaƙa, daga Kakuri ta Kaduna har zuwa nan Greensboro ta Amurka, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Lahadi a ƙarshe-ƙarshen shekarun casa'in. Ranar ce ɗan abokin aikina Winston ya tsaya a bakin raga a can wani tsibiri, mu kuma muna nan cikin ƙarar injuna muna fafutukar isar wa ubansa labari. Ku da kuka zo garin nan bayan an rufe masaƙun, sai na ɗan yi muku bayanin yadda aikin yake, in ba haka ba za ku ce ƙari nake yi.

Yadin jins muke saƙawa. Ɗakin saƙar ya kai girman filin ƙwallo, injuna jere layi-layi, kowane masaƙi da nasa layin. Idan zare ya tsinke, inji ya tsaya ya kunna farar fitila, wannan aikin masaƙi ne, ya je ya ɗaura ya tayar. Idan jar fitila ce, to injin ne kansa ya samu matsala, sai makaniki. Sama da mu duka akwai sufabaiza, mai kula da shif. Amma abin da ba za ku gane ba sai kun shiga shi ne ƙara. Kowa kunnensa a toshe yake da roba, ko ihu ka yi wa na kusa da kai ba zai ji ka ba. Saboda haka da hannu ake magana, da kuma kallon leɓe. Tsofaffin ma'aikata kan yi gulma cikakkiya daga wannan bango zuwa wancan, har da dariya, ba tare da an ji ko tari ba.

Winston shi ne makanikin ɓangarenmu a shif ɗin yamma. Mutumin ɗaya daga cikin tsibiran Karebiyan ne, dogo, baƙi wuluk, ga furfura ta fara cin gemunsa. Ya ji 'yan uwanmu Hausawa suna ce mini Malam, shi ma ya ɗauka, yana tsammanin sunana ke nan na yanka. Ban gyara masa ba. Ni kuma ina ce masa Oga, kamar yadda muke kiran makanikai a Kaduna. Tun makona na farko ya lura ina rasa yadda zan yi da sallar La'asar. Sai ya zo ya tsaya a layina, ya nuna mini bayan dilolin yadi da haɓa. Daga ranar kullum shi ke riƙe mini layi in na je salla, alhali ba aikinsa ba ne, kuma makaniki ba ya son a gan shi yana ɗaura zare.

Ƙwallo ce ta ƙara haɗa mu. A duk masaƙar nan mu biyu ne kawai muka yarda cewa ƙwallon ƙafa da ƙafa ake buga ta. Sauran in ka ce ƙwallo, sai su kawo maka zancen ƙartin nan masu hular kwano da ke ture juna, ko ƙwallon kwando, ko tseren mota. To a waccan shekarar kulob ɗin garinsu Winston ya ci kofin tsibirinsu, ya samu shiga gasar da ke haɗa zakarun kulob-kulob na tsibiran yankin. Mai tsaron gidansu kuwa ɗansa ne, Curtis.

Ba a nuna gasar a talabijin a nan, jaridar gari ma ba ta san ana yi ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ina da rediyo mai gajeren zango wadda nake kamo labaran Hausa da ita, babu inda ba ta kaiwa. Muka zauna a bayan gidana a High Point Road, wadda ku kuke kira Gate City, na ja eriya har ƙarshe, na ɗaura mata waya na rataya a bishiya. Muka kamo masu wa'azi, muka kamo Sinawa, muka kamo shuuu iri-iri, tsibirin Winston dai ko alamarsa. Ya daɗe yana tsokanata da wannan rediyo.

Sai ya zama ƙanwarsa ce ke ba shi sakamako ta waya bayan kowane wasa, shi kuma ya kawo mini a bakin ƙofa kafin mu shiga aiki. Ta bakinsa na san yadda gasar take. Yau su hau ƙaramin jirgin sama zuwa tsibirin masu jin Faransanci, wani makon su shiga jirgin ruwa rabin 'yan wasa na amai. 'Yan wasan ma ba ƙwallon ce sana'arsu ba, akwai masunci, akwai malamin makaranta, Curtis kuma kafinta ne. Haka suka yi ta tsallakewa har suka kai wasan kusa da na ƙarshe.

Wata rana a bakin ƙofar nan na ga babu fara'a a fuskarsa. Na ce, "Oga, lafiya? Ba kun ci ba?"

Ya ce, "Mun ci, Malam. Na kira yaron in yi masa barka. Ka san abin da ya ce mini? Ya ce, barkar me, kai da ba ka taɓa ganin wasana ba, ba ka ma taɓa ji ba ko sau ɗaya."

A nan ya ba ni labarin. Ya baro gida yaron yana ɗan ƙarami, da niyyar shekara biyu, sai zancen takardun izinin zama ya riƙe shi, shekaru suka yi ta tafiya. Yana aika safar hannu ta gola da takalma, amma in ya kira, gaisuwa ce kawai yaron ke yi ya miƙa wa gwaggonsa waya. Ya ce, "Na yi masa alkawari. Na ce wasan nan mai zuwa zan ji shi da kunnena. Ya ce to, za mu gani."

Dabarar da suka shirya da ƙanwar ita ce ya kira ta, ita kuma ta kara kan wayar a jikin rediyonta ya ji sharhi kai tsaye. Ya sayi katunan waya ya ajiye. Sai ga shi an sa wasan ranar Lahadi da yamma, mu kuma a lokacin aiki ya yi yawa har Lahadi muna shiga. Ya je wurin Madam Loretta, sufabaizarmu, ya nemi hutun ranar. Loretta ta fara aikin saƙa tun tana budurwa, ba ta da mugunta, amma ba ta san wasa ba. Ta ce ɗaya makanikin yana kwance an yi masa aiki, in Winston bai zo ba wa zai kula da jajayen fitilu? Gaskiyarta ce, shi ma ya sani. Ya fito jikinsa a sanyaye, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai.

Ɗakin hutunmu yana da wayar bango, yana kuma da babbar tagar gilashi mai kallon ɗakin saƙa. Kowane masaƙi yana da ɗan hutun shan ruwa, ana fita ɗaya bayan ɗaya. Makaniki shi kaɗai a shif ba ya iya barin fili ya daɗe, amma mu muna iya fita. Na bi mutanen ɓangarenmu na roƙe su kowa ya yi hutunsa da kan waya a kunne, abin da ya ji ya nuna wa Winston ta gilashi. Babu wanda ya ƙi. Matsalar ita ce ba su san ƙwallon ba. Wata tsohuwar masaƙiya, Opal, mutuniyar Pleasant Garden, ta tambaye ni maki nawa ake ba wanda ya zura. Na ce ɗaya. Ta ce, duk wannan gudun a kan ɗaya?

Na ce musu kada su wahalar da kansu, sunan Curtis kawai za su saurara. In an ce ya kama, a rungume hannu biyu a ƙirji. In an ci shi, babban yatsa ƙasa. In nasu sun ci, a ɗaga dunƙulen hannu.

Ranar Lahadin Winston ya kira ƙanwarsa, ya tabbatar rediyo na magana, ya miƙa wa na farko kan waya ya koma fili. Ban taɓa ganin makaniki yana gyaran inji da wuyansa a karkace ba sai ranar. Opal ce ta kusa kashe shi. Mai sharhin tsibirin nan ihu yake ko jifa aka samu, ita kuma duk ihun da ya yi sai ta zaro ido ta ɗaga hannuwa sama, ba runguma ba, ba dunƙule ba, wata alama dai tata ta kanta. Winston ya yi ta tambayarta da leɓe, me ya faru? Ita kuma ta amsa, ban sani ba, amma da zafi. Kafin hutun rabin lokaci aka nuna yatsa ƙasa, na ga kafaɗunsa sun sauka. Da aka dawo wani saurayi ya ɗaga dunƙule har yana tsalle, shi da bai san ko launin rigar kulob ɗin ba.

Ni na ajiye nawa hutun zuwa ƙarshe. La'asar ma a gurguje na yi ta, Opal ta riƙe mini layi. Da na karɓi wayar, sai na ji muryar filin, ganguna da ƙaho da hayaniyar mutane, wallahi sai da na tuna filin wasa na Kaduna ranar Asabar. Aka tashi kunnen doki, aka yi ƙarin lokaci, Curtis ya kama biyu masu hatsari, na rungume ƙirjina har ina jin zafi. Hutuna ya ƙare tuntuni, ban ajiye wayar ba. Aka busa, za a je bugun fenariti.

Juyowar da zan yi, sai ga Loretta tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Layinka yana can fararen fitilu uku na jiranka."

Na fara kame-kame, ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Kada ka ɓata bakinka. Tun kafin a haife ka nake karanta leɓe a ɗakin nan, tun ranar Alhamis na san shirinku. Yanzu me ya rage?"

Na ce, "Madam, yanzu za a ajiye ƙwallo a gaban yaron, mutum ɗaya ya zo ya buga, daga shi sai shi. Haka za a yi ta yi har a samu wanda ya faɗi."

Ta ce, "Shi kaɗai? Babu mai taimakonsa?"

Na ce babu.

Ta kalli Winston ta gilashi, yana durƙushe a gindin wani inji, idonsa a kanmu. Ta fita, ta tafi har inda yake, ta miƙa hannu ta karɓi sifanar da ke hannunsa, ta nuna masa ɗakin hutu. Na ga leɓenta sarai, ni ma ai na iya karatun. Ta ce, duk injin da ya tsaya, ya tsaya.

Na ba shi wayar na koma layina. Sai abin ya juya, shi ke ciki, mu muke kallonsa. Ɗakin saƙa gaba ɗaya, har mutanen layukan da ba su san me ake ciki ba, kowa hannunsa na kan zare idonsa na kan taga. Jar fitila ta kama a can, wata ta kama a nan, babu wanda ya kula su, Loretta na tsaye da sifana a hannu kamar mai gadi. Bugun farko ya nuna yatsa ƙasa. Na biyu ma haka. A na uku sai muka ga dattijon nan ya saki baki, ya rungume hannu ɗaya a ƙirji, ɗayan na riƙe da waya, yana ta bubbuga ƙirjin. Mutum wajen arba'in suka yi ihu a ɗakin nan, ba a ji na kowa ba.

Ba su ci wasan ba. 'Yan gabansu biyu suka zubar, aka fitar da su. Winston ya ajiye wayar a hankali, ya goge fuskarsa da tsumman mai, wanda ya bar masa baƙi a kumatu, ya fito ya karɓi sifanarsa. Kafin a tashi ya kashe jajayen fitilun nan duka. Loretta ba ta sake tayar da zancen ba, mu ma ba mu tayar ba.

Ranar Talata na same shi a bakin ƙofa. Ya ce ya kira Curtis, yaron ya ɗauka a daƙile, yana jiran a ce masa sai haƙuri. "Ban ce masa haƙuri ba, Malam. Na ce masa, na ukun nan, ka yi kamar za ka dama sai ka faɗi hagu, mai sharhi ya ce da yatsu ka ture ta, ya kira sunanka sau uku, har da sunan mahaifina a ƙarshe. Sai ya ce, Baba, da gaske ka ji?" Winston ya ƙara da cewa sun yi ta hira har katin ya ƙare, kuma ranar yaron bai miƙa wa gwaggonsa waya ba.

Bayan 'yan shekaru takardunsa suka daidaita ya koma gida, ya aiko mini hoto yana tsaye a bayan raga da jika a kafaɗa. Masaƙar kuma an rufe ta, injunan an kwashe. Loretta da Opal duk sun rasu. Wani lokaci in na bi ta wajen nakan rage gudu in kalli ginin, kewa ta kama ni, har ƙarar nan da ta cinye mini rabin ji nake kewa.

Ku yanzu kowa da wayarsa a aljihu, wasan ko'ina a duniya kuna kallo a lokacin hutu, kowa ya sunkuyar da kai shi kaɗai, ban ce laifi ba ne. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, a wurin da ba a jin maganar kowa, dole ka riƙa ɗaga kai kana duban na kusa da kai. Da haka Winston ya gane ina neman wurin salla ban faɗa ba, da haka Loretta ta gane abin da ke cin sa. Na yi aiki a wurare masu shiru bayan nan, ofis da kafet da komai, amma ban sake samun inda ake jin mutum kamar ɗakin nan ba.