Kazar da Wanzami Ya Yi wa Aiki

Ni dai tun tasowata ba mai son fita ba ce. A ba ni tsakar gida da murhu da wanda zan yi wa surutu, an gama da ni. To, a shekarar da nake ba ku labari, tun Nasara ba su iso ƙasarmu ba, maigidana ya bi fatake da jakuna ya kai kanwa Kano. Gidanmu na Matamaye ya rage daga ni sai mahaifinsa, wanda muke ce wa Baba.

Ranar kasuwa wani mai kaji daga Kurni ya yi sallama yana neman ruwa. Na miƙa masa ƙwarya ta saman danga, sai idona ya faɗa kan wata jar kaza kwance a ƙasan kwandonsa, 'yan'uwanta na tattaka ta. An ɗaure mata ƙafa da kaba aka manta, kabar ta ci nama ta shige, ƙafar ta kumbura suntum kamar gauta.

"Wannan fa, Malam?"

"Wannan ba mai saye. Yanzu zan nemi mai wuƙa a bakin kasuwa."

Ban san sa'ad da na ce ya bar min ita ba. Na dama masa fura da nono, ya sha ya yi hamdala, ya miƙo min ita ta fiffike yana dariya, wai Allah ya ba ni haƙurin jinya.

Kai, murna! Na rungumo ta kamar an ba ni saniya. Amma ina shiga sai Baba, da ke zaune kan buzunsa a inuwa, ya dube ta sau ɗaya ya ce, "A kawo in yanka tun da sauran numfashi. In ta mutu da kanta mushe ce, sai angulu."

Gaskiyarsa ce kuwa. A garinmu ba a jinyar kaza, da ta langaɓe ake kiran namiji. Ni kuma ina ni ina gardama da suruki? Ko ido ba na haɗawa da shi. Sai na tsuguna na juya masa baya, na dubi kazar, na ɗaga murya yadda zai ji.

"Kin ji ko, 'yar ja? Wai wuƙa. Ke da ba ki da komai sai ƙashi da gashi, me za a tsinta a jikinki? Ki roƙi arziki a bar ki ki yi ƙiba tukuna."

Can sai Baba ya yi gyaran murya. "A gaya wa kazar, ranar da ta sunkuyar da kai ta ƙi tsaba, ba zan jira kowa ba."

Tun daga ranar duk maganar da ke tsakanina da Baba ta bakin kazar take bi.

Na zare kabar a hankali, na wanke ƙafar da ruwan ɗumi da gishiri, na barbaɗa garin bagaruwa, na shafe da man kaɗe, na naɗe da tsumman tsohon zanena. Na yi mata shimfiɗar ƙaiƙayi cikin fasasshiyar tukunya kusa da murhu. Kullum sai na kifa kasko da kashin shanu da kara a bayan rumbu, gara ta taru, in kwaso mata. Ina daka ina ba ta labarin unguwa, ita kuma tana karkata kai tana kallona da ido ɗaya, wallahi kamar tana fahimta.

Inda kabar ta yanka ya kame, ya soma warkewa. Amma tafin ƙafar ya ƙi sacewa, ga wani baƙin tabo a tsakiya, in ka taɓa da tauri kamar tsakuwa. Rannan da safe na watsa mata tsaki, ta dube shi ta rufe ido. Na kawo gara, ko motsi. Ni kuwa Allah ya ba ni kunne, ina daga madafa na ji Baba yana wasa wuƙa a kan dutse, shuu, shuu.

Ana cikin haka sai ga sallamar wanzami, ya zo yi wa Baba aski. Ya buɗe zabira, ya jiƙa kan tsoho, ya soma. Na ɗauko kazar na zauna daga nesa.

"Allah sarki, 'yar ja. Da ke mutum ce, ga mai aska ya zo har gida. Amma an ce wannan aiki sai wanzaman Damagaram, na nan ba su iya ba."

Askar ta tsaya. "Baba, da ni surukarka take?"

"Da kaza take. Kai dai aske ni."

"Ni da nake cire belu, nake ƙaho, nake kaciya, a ce ban iya ba? Uwar gida, miƙo ta nan in gani!"

Ya murza tafin da babban yatsa, ya ce, "Af! Ai ƙwallo ne a ciki. Ko shekara za ki yi kina shafa mai, ba zai fita ba." Ya ce a riƙe masa ita da ƙarfi. Na ja da baya, ba zan iya ba. Sai ga Baba, rabin kai a aske, rabi da furfura jiƙe, ya karɓe ta ya matse a cinya yana cewa, "Tsaya mana, ke, marar kunya!"

Wanzami ya yi bisimilla ya tsaga. Kazar ta ƙwalla ƙara, ni ma na ƙwalla. Ya matsa, ya matsa, sai ga abu ya fito ɓul, fari da tauri, kamar ƙwallon magarya. Ya ɗora shi a tafin hannu yana nuna mana yana washe baki. "Na Damagaram ɗin su zo su gani!"

Na wanke, na cika ramin da bagaruwa, na ɗaure. Baba ya koma buzunsa aka ƙarasa askin, wuƙar tana nan gefensa. "A gaya mata," ya ce, "zuwa la'asar."

Ranar ko tuwon rana sai da ya kama a tukunya. Ina zaune gabanta da kaskon gara, ina lallashi, ina roƙo, har inuwar rumbu ta miƙe. Sai ta buɗe ido. Ta bi wata gara da kallo, ta bi ta, ta bi ta, caf! Ta sake, caf, caf!

Na rangaɗa guɗa, na manta da suruki, na manta da kowa. Maƙwabta suka leƙo ta danga suna tambaya wa ya haihu. Baba ya mai da wuƙa kube, na ga gemunsa na rawa.

Ta miƙe kafin a gama girbi, tana ɗingishi, da ɗingishin nan kuwa ta tsufa. Da maigidana ya dawo, ya ga jar kaza ta yi ɓul-ɓul tana tono a gindin rumbu, ya ce ga ta maraba da matafiyi nan. Kafin in buɗe baki Baba ya watsa mata tsaba daga aljihunsa.

"Ke gurguwa, gaya masa ya ci tuwonsa da miyar kuka."