Rigar da Ba a Yanka wa Wuya Ba

Ɗana tela ne a Dutsen Kura, duk layin nan ba wanda ya kai shi iya yanka. Ciwon da rana tsaka ya fara nuna kansa. Na kai masa abinci shago, na tarar ya hau kujera yana auna iska da tef, can sama da ƙofa. Na ce, "Wa kake aunawa?" Ya ce, "Inna, matsa, kin taka masa ƙafa."

An sha rubutu, an yi hayaƙi, daga baya muka dangana da asibiti. Likita ta ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, yana da magani, amma ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Ban yi boko ba, sai dai abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Ƙwaya kullum da safe, da koko. Dogon baƙon da shi kaɗai ke gani ya daina zuwa. Maganin kuwa ya sa masa rawar hannu, maƙwabta kuma suka rage sayen masar da nake toyawa, wai gidan masu aljanu.

Shekarar da aka sa ranar ƙanwarsa da wani ɗan mutanen Bida, ƙanen ubansu ya zo. Uban ya rasu, ƙanen ne waliyyi. Ya ce, "Yaya, a dakatar da maganin nan har biki ya wuce. Surukai za su ga yana karkarwa, su ce abin a jini yake." Na ce, "Alhaji, ba a gidana ba." Ashe ya bi yaron shago, ya ce masa ai ya warke, kada ya kunyata ƙanwarsa. Sai yaron ya riƙa karɓar ƙwayar a hannuna yana ɓoye ta ƙarƙashin harshe. Hannunsa ya daina rawa, har na yi hamdala.

Shi ya ɗinka ankon biki. Ranar da matan gidan ango suka kawo lefe, tsakar gida cike, ya shigo da ɗinkin. Ana ɗagawa ana yabawa, sai aka ɗago wata riga. Ta fi ƙofar ɗaki tsawo, hannuwanta na jan ƙasa, an ɗinke samanta ruf, babu inda kai zai fito. Ɗana ya ce a hankali, "Ta baƙon ce. Ga shi nan bayan Inna, tun ɗazu ba a ba shi ruwa ba."

Ban waiwaya ba. Bayana dai ya yi sanyi.

Alhaji ya leƙo daga zaure yana dariyar dole, wai wasa yaron yake. Na ɗauki mayafina. Na dubi uwar tafiyar, wata tsohuwa Banufiya, na ce, "Hajiya, ɗana ba shi da lafiya, kuma don ku aka raba shi da maganinsa. Asibiti za mu yanzu. Akwatunanku ga su nan, ku bari ko ku ɗauka." Na kama hannunsa muka ratsa ta tsakiyarsu.

Aka ba shi gado. Da na dawo da la'asar, akwatunan na nan. Tsohuwar ta bar saƙo, ba za a ɗaura aure ba sai yayan amarya ya fito. Haka aka yi, ko da yake rabin danginsu ba su ci abincinmu ba.

Tun daga nan, in ya haɗiya sai ya ɗaga harshe na duba. Na taɓa tambayarsa, "Ya tafi?" Ya dubi ƙofar gida ya ce, "Yana tsallaken titi, Inna. In ina sha, ba ya ƙetarowa."