Inda Aka Ɗora Yatsan Dalhatu Mai Igiya

Dalhatu mai igiya taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka duk abin da na faɗa a kansa ina da izini, shi ma kuwa bai taɓa raga mini ba. Ni dillalin awaki da jakuna ne a kasuwar Kankia. Shi kuma kullum yana ƙofar gidansa a Kafinsoli, ƙafa a miƙe, bakin igiya a maƙale a babban yatsan ƙafa, yana tufka. Da rama ya fara sana'ar. Da rama ta yi wuya sai ya koma warware tsofaffin buhunan taki yana murza zaren a cinya. Igiyar guga, dabaibayi, ta ɗaure ɗan maraƙi, duk yana yi, har daga Kaikai ta ƙasar Kusada wani Bafulatani mai suna Bubayero yake takowa saye.

Ba da makanta aka haife shi ba. Manomi ne ƙaƙƙarfa har ya kai shekara arba'in, sannan hawan jinin ido ya rufe masa gani a hankali, kamar ana rage wa fitila lagwani. Abin da ya rasa a ido sai ya koma kunne. Yana da wata tsohuwar rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da roba, kuma babu tashar Hausa da ba ya kamawa. In lokacin siyasa ya zo, garin ya cika da fastoci, kowane bango da fuskar wani yana murmushi, ni nakan tsokane shi in ce gani ya kori ji. Sai ya ce ai mu masu ido mu ake cuta, don an san fuska muke saye. Shi babu wanda zai yi masa murmushi ya ci ƙuri'arsa.

Yadda yake zaɓen shugaban ƙasa aiki ne sosai, ba wasa ba. Yakan riƙe abin da ɗan takara ya faɗa a bana, ya haɗa da abin da ya faɗa shekara huɗu baya, ya ji ko bakin ɗaya ne. In mutumin ya taɓa mulkin wata jiha, sai ya tsare direbobin da ke zuwa can ya tambaye su hanya da asibiti. Bubayero ma ba ya tsira, sai ya faɗi yadda daji yake da abin da makiyaya ke cewa kafin a ba shi igiyarsa. Dalhatu yakan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mutane na zuwa su ce ya faɗa musu wanda za su zaɓa, ya ƙi. Sai dai ya juye musu abin da ya tara, ya ce kowa ya je ya auna da kansa. Mu dai mun san in makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne.

Amma duk wannan wahala a hannun wani take ƙarewa. Ranar zaɓe dole a kama masa yatsa a dangwala, tunda ba ya ganin alamar jam'iyya. An ce akwai wata takarda mai ƙuraje da ake yi wa makafi, to shi bai koyi karatun ba. Ɗansa na fari, Abdullatif, shi ne mai kai shi. Ɗan acaɓa ne, mai fara'a, mai son mutane. Dalhatu bai taɓa kiran sunansa ba saboda alkunyar ɗan fari. Yaron nan kawai yake cewa, ko da yaron ya yi gemu ya haifi 'ya'ya uku.

A zaɓen da ya gabaci na baya-bayan nan ne aka samu saɓani. Abdullatif ya shiga wata jam'iyya da ƙarfinsa, ya ɗaura tutarta a babur, shi ne gaba-gaba in za a tarbo baƙi. Uban kuwa ya gama awonsa ya tsaya a kan wani ɗan takarar daban. Ba su yi faɗa ba. Da safen zaɓe ya faɗa wa ɗan wanda yake so, ɗan ya ce to, ya goya shi a babur suka tafi firamare.

Daga ranar nan Dalhatu ya canza wa yaron fuska. Ya daina hawa babur ɗinsa zuwa masallacin Juma'a, ya ce ya fi son tafiya da sanda. In Abdullatif ya durƙusa gaisuwa, amsar ba ta wuce kalma biyu. A gabana yaron ya taɓa tambayarsa ko ya yi wani laifi ne, Dalhatu ya ce babu komai, ya ci gaba da murza zare. Na ga yaron ya tashi, ya tura babur ɗin har bakin titi kafin ya tayar, don kada ƙarar ta dami tsohon.

Damina na shigowa wata babbar mota ta kaɗe Abdullatif a kan hanyar Kano zuwa Katsina. Ko asibiti ba a kai da shi ba. Da aka jera sahun jana'iza liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci, aka juyo wajen uban, ya ce ya yafe duniya da lahira. Ina kusa da shi, na ji muryar, kuma na san ba daga ciki ta fito ba.

Bayan nan igiyarsa ta lalace. Bubayero ya dawo da dabaibayi biyu da suka warware, yana ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin. Dalhatu yakan tsaya a tsakiyar tufka yana murza babban yatsansa na dama a jikin riga, kamar mai goge tawadar da ta ƙi fita. In babur ya rage gudu a ƙofar gidan da rana tsaka, sai ya kashe rediyo ya karkata kai, ya yi ta saurare har ƙarar ta ɓace. Sau da yawa ya ce mini an tsaya an kashe inji, yana jin takun mutum. In na duba, babu kowa sai kaji. Tsoro yake ba ni, gaskiya, kuma tausayinsa ya hana ni tsokanarsa, abin da ban taɓa fasawa ba tun muna yara.

Sai da zaɓe ya sake matsowa ya buɗe mini cikinsa. Ya ce kafin wancan zaɓen ya sa an karanta masa jerin jam'iyyu, ya san tasa tana can sama a takardar, ta yaron kuma tana ƙasa. Da suka je teburin, yaron ya tsaya a gabansa har yana jin numfashinsa, ya kama masa yatsa ya taɓa tawada. Shi kuma, da hannun mai igiya, ya saci laluben gefen takardar da hagu. Sai ya ji an ɗora yatsan daf da gefen da ke wajen cikinsa.

“Ƙasa ya kai ni, Lawal,” ya ce. “Wata da watanni ina saurare ina awo, yaron nan ya ɗauki yatsana ya ba mutanenshi. Da bakina na ce na yahe. Zuciyata ta ƙiya. Kullum na ɗaga hannu in yi mashi addu'a, sai in ji shina riƙe da yatsan.”

Na tambaye shi abin da ya hana shi tambayar yaron tun yana da rai. Ya ce in ya tambaya, ko dai yaron ya yi masa ƙarya ko ya amsa, kuma babu wadda zai iya ɗauka a cikin biyun. Na ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ya ce wannan ba zato ba ne, awo ne, hannunsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Abin da ke cinsa shi ne tsoron kada rashin yafewarsa ya zame wa yaron nauyi a kabari. Yana son ya sauke, ya kasa.

Duk da haka bai fasa aikinsa ba. Ya sake bin rediyo da direbobi, ya sake tsare Bubayero, ya tsayar da wanda zai zaɓa, aka karanta masa jerin aka ce wannan karon ma alamar tana sama-sama. Na ce ni zan kai shi. Ya yi dariyar da rabon in ji ta an daɗe, ya ce mutumin da ke sayar da gurgun jaki ya ce hutawa yake yi ba zai riƙe masa yatsa ba. Adawiyya ya zaɓa, matar marigayin, wadda ta ƙi sake aure ta zauna a gidan tana suyar awara tana rainon yara. Mutane sun yi mamaki, don tsakanin suruki da suruka ko haɗa hanya ba a cika yi ba, balle kama hannu. Ya ce ita ce kaɗai ba ta da tuta.

Ranar zaɓe ina layi ina hango su. Teburin 'yan makaranta ne aka ajiye a gindin bishiyar bedi, da ɗan kwali a gefe wanda bai kare komai ba, wakilan jam'iyyu kuma na ta miƙa wuya daga nesa. Adawiyya ta tsayar da shi, ta zagaya ta tsaya a gabansa, ta ba mutane baya, ta baza hijabinta. Na ga ta kama hannunsa, na ga ya fizge kamar ya taɓa wuta. Daga baya ta faɗa mini abin da ya ce, da murya ƙasa-ƙasa.

“Ke ma ƙasa za ki kai ni?”

“Baba, ai takardar ni take kallo,” ta ce. “Na juyo ta ne don in ga alamar. Samanta shi ne wajenka.”

Ya daɗe a tsaye, har malamin zaɓe ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Sannan ya miƙa mata yatsan, ta dangwala, ta naɗe takardar ta sa masa a hannu ya jefa a akwati da kansa.

A hanyar gida mu uku muke tafe, yana riƙe da kafaɗata. Sai da muka wuce injin niƙa sannan ya tambaye ta wa ya koya mata tsayawa a gaba. Ta ce baban su Sumayya ne, don ita ma ba ta kiran sunan mijin. Ta ce a wancan zaɓen ya dawo gida yana dariya, yana ba ta labarin yadda ya tare teburin da bayansa ya juya takardar, don kada mutanen jam'iyyarsa su ga inda ya sa yatsan Baba. Sun yi zargi, har suka daina kiransa tarbar baƙi, shi kuwa ya ce tsohon ya fi shi sanin abin da yake yi, ba zai ci amanar makaho ba balle ubansa. Ta ɗauka Baba ya sani. Ba ta taɓa tunanin abin faɗa ne ba.

Na ji hannunsa ya yi nauyi a kafaɗata. Ni ma da ya ba ni labarin ya faɗa mini yaron a gabansa ya tsaya, kuma kaina bai kawo komai ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bai shiga gida ba. Ya sallami Adawiyya, ya ce in kai shi maƙabarta. A hanya na yi ta ba shi baki, ina cewa ai yanzu sai ya yafe da zuciya ɗaya, nauyi ya sauka. Ya ce yafe mi, ga wanda bai yi laifi ba? Shi yanzu wa zai je wa? Yaron ya durƙusa ya tambaye shi, ya ce masa babu komai, kuma da wannan amsar ya tafi.

Maƙabartarmu ba a rubuta suna. Damina huɗu ta bi ta kan kaburburan, ƙasa ta kwanta, ciyawa ta bushe a kai. Na tuna wajen, kusa da wata aduwa, amma tudu biyu ne a jere kuma na kasa rabe su. Na faɗa masa gaskiya, na ce ɗaya ne cikin biyun nan, ban san wanne ba.

“Aza hannuna inda ka hi zato,” ya ce. “Ni na bar awo.”

Na durƙusar da shi, na kama hannun mai tawada na ɗora a kan na dama. Bai laluba gefe ba, bai tambaye ni ko na tabbata ba. Ya buɗe tafin ya kwantar a kan ƙasar mai zafi. Can wani babur ya wuce a titi, ya karkata kai har ƙarar ta ɓace.

“Abdullatif,” ya ce. Tun ranar suna ban ji wannan sunan a bakinsa ba. “Abdullatif, ni ne. Akwai komai. Ka tambaye ni na ce babu.”

Muka zauna a nan har aka kira la'asar, yana jira, ni kuma ina kallon ɗaya tudun.