Harshen Inna Paraschiva

Shekara talatin da ɗoriya, ba a taɓa dafa barasar palinka a ƙauyensu na ƙasar Romaniya ba tare da Inna Paraschiva ta ɗanɗana ba. Da kaka ta yi, tuffa ta gama tsima a ganguna, sai maza su kai ta rumfar bakin rafi su hura wuta a ƙarƙashin tukunyar tagulla. Ɗigon farko guba ne, na ƙarshe lami ne. Sanin inda barasa mai kyau ta fara da inda ta ƙare kuwa, sai harshenta. Aji huɗu kawai ta yi a makaranta, amma a rumfar nan ko fada na coci ba ya ja da ita.

Zamani ne mai daɗi. Tana da jiki, masha Allah, kuma a lokacin ƙiba ado ce. In ta kurɓa ta lumshe ido, ƙarti goma sai su yi tsit. Kowace tukunya tana da kwalba ɗaya, da kwalaben nan ta ɗauki nauyin karatun 'yarta Domnica a Cluj, har ta zama mai haɗa magani.

Domnican ce ta ja ta asibiti. Likita ya ce hanta ta kumbura, nauyi ya yi yawa, ko kurɓi ɗaya kada ta ƙara. A hanya uwar ta yi ta mita, wai ai ta ga ruwan inabin da 'yan boko ke sha a siririn kofi, nasu wayewa ne, nata ne cuta. Amma ganin hawayen 'yar, sai ta yi alkawari.

Kakar bana ta je ta zauna a bencinta, don in ba a nan ba, ba ta san ko ita wace ce ba. Gavrila maƙwabcinta ya zaro wani tsinken gilashi mai lambobi, na auna ƙarfin barasa, da ya sayo a kasuwa.

"Inna, ki huta abinki, wannan ba shi da hanta."

Aka yi dariya, har da ita, amma abin ya soke ta. Can ƙamshin ya sauya, hancinta ya gaya mata mai kyau ta ƙare.

"Ku sauya kwalba," in ji ta.

Kawuna goma suna sunkuye kan gilashi, babu wanda ya ɗago. Sai daga baya Gavrila ya waiwayo, cikin ladabi ya roƙe ta ta duba musu miyar wake kada ta kama. Ta tashi ta ɗauki ludayi.