Firji Mai Cin Rana

Talata: Kakuri zuwa Kachia

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar ƙofar kamfaninmu a Kakuri, ni da direba Oga Emeka, cikin a-kori-kura. A baya mun ɗaure firji mai aiki da hasken rana, da farantansa biyu masu kama hasken, da batir. Kamfani ne ke raba su kyauta ga ƙananan asibitocin da wuta ba ta kai ba, ni kuwa mai haɗa wayar lantarki, na yi ta naci har aka sa ƙauyenmu.

Ina da dalili. Ƙyanda ta ɗauke wa yayata Rifkatu 'ya'ya biyu, saura Ladi, 'yar wata goma. Allurar rigakafin tana kan cinyata cikin kula, akwatin ƙanƙara, kuma an gargaɗe ni: in ƙanƙarar ta narke kafin firji ya yi sanyi, sai zubarwa. Mai yin allurar kuma sai ranar Laraba take zuwa.

Bayan Sabon Tasha soja ya tare mu. "Buɗe akwatin nan."

"Ranka ya daɗe, maganin yara ne. In ya sha iska ya lalace."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wuce."

Takwas da kwata muna Kachia. Ƙosai da kunu na kwabo hamsin muka ci a tsaye. Na girgiza kular, na ji ruwa ya fara motsi a ciki.

Ƙauyenmu

Hanyar burji ta ci mana awa huɗu. Ƙarfe biyu na gama kafa farantan a gefen asibiti, na haɗa waya. Firji ya ɗauki gurnani! Ba inji, ba fetur, ba kananzir. Ni da na haɗa shi ma sai da na yi mamaki.

Aka ja mu cin tuwo gidan dagaci. Da muka dawo, firji ya yi tsit, don batirin bai tara wuta ba tukuna. Na zagaya baya a guje, sai ga rumfar zana sabuwa fil a kan farantan, kawuna Baba Dogo yana ɗaure igiyar ƙarshe.

"Ɗana," ya ce, "kyauta mai tsada haka, a shanya ta a rana kamar rogo? Ai sai a ce ba mu da kunya."

Tunda nake ban taɓa ɗaga wa kawu murya ba sai ran nan. "Kawu, ranar ce abincinsa!"

Da hannunsa ya yaye zanar. Muka tsaya cirko-cirko, rana tana karkata, har gurnanin ya dawo. Lokacin da firjin ya yi sanyi na sa maganin ciki, ƙanƙarar da ta rage ba ta fi goro ba.

Laraba

Da safe bangon cikin firjin ya yi fari da ƙanƙara. Kawu ya taɓa, ya janye yatsa, ya cire hula. "Rana ta haifi ƙanƙara! Kai, Allah mai iko."

Ladi ce ta uku a layin allura. Ta tsala ihu, uwarta tana dariya. Can dariyar ta tsaya, ta ce da ni a hankali, "Bulus, da firjin nan ya zo bara waccan fa?"

Bakwai na yamma Oga Emeka ya sauke ni a unguwarmu, Mahuta. Na gode masa, na gode wa waɗanda suka aiko mu, na gode wa Allah. Da bazara ƙyanda ta sake shiga ƙauyen. Wasiƙar Rifkatu ta ce Ladi ta fara tafiya, tana ta korar kaji.